Sakandaren Navrongo da Paga: Mu Shiga Mu Gani Kafin Mu Sa Hannu

Muna gode wa shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan fili, muna kuma gaida 'yan'uwa fatake da dillalai da masu gida na Turakun Ashaiman, da na Kumasi da Techiman da Paga, har da waɗanda ke tsallaken iyaka. Yau ba farashin sa ko kuɗin shingen hanya ya kawo mu ba. Magana ce da ta taso a wani zaman sadakar bakwai nan Maamobi bayan an shafa fatiha. Wani ɗan'uwa ya tambaya, cikin makarantun sakandaren gwamnati da ke yankin Navrongo da Paga wacce ta fi kyau, domin lokacin cika wa ɗansa takardar zaɓe ya gabato. Kafin ya rufe baki mutum huɗu sun ba shi amsa huɗu. Da muka tambayi masu amsar ko akwai wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin makarantun nan ya zauna ko da rabin sa'a, sai wuri ya yi tsit. Ba mu faɗi haka don mu kunyata kowa ba, domin mu ma da muke tambayar sai bara muka fara shiga.

Jama'a, mu ne fa waɗanda ba mu biyan kuɗin sa sai mun buɗe bakinsa mun duba haƙora, mun taɓa tozo, mun sa an kora shi mun ga tafiyarsa, mun leƙa bayan kunne ko akwai kirci. Amma makarantar da yaro zai yi shekara uku a cikinta, wadda daga ita ne za a san ko zai wuce gaba ko ya tsaya, sai mu saye ta da jin suna a bakin direba. Ai ko yaron dillali ya san ba a cinikin biri a sama.

Wani zai ce, me ya kai ɗan Maamobi karatu har Navrongo, tafiyar wajen kilomita 800, alhali ga Accra Girls nan a bakin unguwarmu, ga Accra High ba nisa? Wanda ke cikin wannan sana'a ya san amsa. Da yawanmu gida biyu gare mu, ɗaya nan Ankara, ɗaya a zangon Paga ko Navrongo. Na biyu, samun gurbin kwana a makarantun Ankara sai wane da wane, kuma yaron da ke jeka-ka-dawo da an tashi ya dawo lungu, daga nan sai zaman ataya har tsakar dare, uban kuwa yana hanyar Puitenga. Wanda ya ga abin da ya faru a watan Janairun 2022, ranar da samari suka fito da adduna da bindigogi da rana tsaka tsakanin Nima da Maamobi, ba zai zargi uban da ke son ɗansa ya yi nisa da unguwa ba. Na uku, ta Paga muke wucewa kusan kowane mako biyu ko uku, saboda haka uba yana ganin zai riƙa leƙa yaron. Niyyar tana da kyau. Zaɓen ne muke yi da ka.

Saboda 'yan'uwanmu na ɓangaren Faransanci da na Nijeriya, bari mu ɗan bayyana yadda abin yake a Gana. Yaro yana gama ƙaramar sakandare da jarrabawar BECE, kwatankwacin BEPC ta wajenku. Ana haɗa makin darussa shida, kuma a nan ƙaramin lamba shi ne mai kyau: wanda ya sami jimilla 6 ya kai ƙarshe, wanda ya sami 30 yana can baya. Tun shekarar 2005 kwamfuta ce ke raba yara zuwa manyan sakandare bisa makinsu da kuma jerin makarantun da aka cika musu a takarda. An kasa makarantun rukuni-rukuni, A da B da C, an kuma ƙayyade yawan da yaro zai zaɓa daga na sama. A watan Satumban 2017 gwamnatin Akufo-Addo ta mai da karatun sakandare kyauta, har da kwana da abinci da littattafai. Yara suka yi yawa har ɗakuna suka kasa ɗauka, shi ya sa a 2018 aka kawo tsarin karɓa-karɓa, wasu suna makaranta wasu suna gida. Gwamnatin Mahama da ta hau a Janairun 2025 ta yi alkawarin kawo ƙarshen wannan tsarin. Abin da ya kamata uba ya riƙe shi ne, kwamfuta ba ta san ɗanka ba. Abin da aka rubuta mata a takarda shi take bi. Takardar kuwa sau da yawa yaron ne da abokansa suke cika ta, ko malamin aji ya cika wa yara hamsin a yini ɗaya, uba ya dangwala hannu yana saurin kama mota.

Haka ta faru a gidanmu. Ɗan ƙanenmu ya zaɓi wata makaranta a arewa don kawai ya ji ana kiran sunanta a rediyo lokacin gasar wasanni. Ba wanda ya je ya gani. Ya yi shekara uku, ya fito da F9 a lissafi da D7 a Turanci. Ya sake zama jarrabawar masu zaman kansu sau biyu da kuɗinmu, abin bai yiwu ba, domin tushen ne babu. Yanzu yana tare da mu yana lodin shanu. Sana'a ce ta halal, ita ta rufa wa iyayenmu asiri, amma shi yaron likitan dabbobi ya so ya zama, kuma yana da kan da zai iya. Laifin ba na makarantar kaɗai ba ne. Rabinsa namu ne.

Yankin Navrongo ba baƙon karatun boko ba ne. Limaman Katolika sun sauka a garin tun 1906, kuma tsohuwar majami'arsu ta laka tana nan tsaye har yau. Amma Turawan mulki sun bar arewa baya da gangan, don a can suke samun leburorin gonakin koko da ramukan zinariya. Makarantar Mfantsipim ta Cape Coast tun 1876 take, ita kuwa arewa ba ta sami sakandaren gwamnati ba sai 1951 a Tamale. A zamanin Nkrumah aka ba 'yan arewa tallafin kwana da abinci, aka kuma buɗe sakandaren Navrongo, wadda kowa ke kira Navasco, a 1960. Bayan ita akwai Notre Dame ta maza da Our Lady of Lourdes ta mata, dukansu na Katolika ne amma gwamnati ke biyan malamai tana tura yara. Akwai Awe, akwai ta Chiana a yamma, akwai kuma ƙananan da al'umma suka fara ginawa da kansu kafin gwamnati ta karɓa. Duk cikin tafiyar da babur zai gama kafin azahar. Wanda ke Ankara yana ganin duk ɗaya ne, wai makarantar arewa. Ba ɗaya ba ne ko kusa.

Bara motarmu ta yi kwana uku a Paga muna jiran takardun likitan dabbobi. Maimakon zaman gindin bishiya, sai muka ari babur wajen maigidanmu, muka ɗauki ɗansa wanda malamin firamare ne don ya karanta mana abin da ke jikin allo, muka zaga makarantu uku tsakanin Bolga da kan iyaka. Ba za mu kama suna ba, kuma kada kowa ya ce lallai suna cikin waɗanda muka lissafa a sama. An karɓe mu da mutunci ko'ina, ba za mu rama da tonon asiri ba.

Ta farko ita ce wadda duk uban da ya gani daga bakin titi zai so. Katanga, babbar ƙofa, fenti sabo, ga motar makaranta da suna a jikinta. Da muka shiga da misalin ƙarfe goma na safe muka tarar da aji biyu ba malami, yara suna ta surutu, wasu sun kifa kai a tebur. Muka tambaya, aka ce malamin lissafi a wani gari yake kwana, sai ya zo. Ajin da muka leƙa, yaron da ke layin baya ko allon ba ya gani sosai saboda cunkoso. Burtsatse ɗaya muka ga tana aiki, an jera bokitai a gabanta tun asuba. Ba mu ce babu ƙwararrun malamai a wurin ba, akwai su, kuma yaron da ya zo da ƙarfinsa zai fita da ƙarfinsa. Amma yaro mai rauni a irin wannan wuri ɓacewa yake yi kamar maraƙi a cikin garke, ba mai lura sai ranar sakamako.

Ta biyu ko katanga babu. Awakin ƙauye suna kiwo har gaban ofishin hedimasta. Da daga waje za mu yanke hukunci da ba mu sauka daga babur ba. Amma hedimastan a cikin makarantar yake kwana da iyalinsa, haka ma wasu malamai. Yara suka gaya mana da daddare malami yana zagawa lokacin bita, wanda ba ya wurinsa da safe zai yi bayani. Hedimastan ya kira yara uku da suka wuce ta gabanmu da sunayensu, ya faɗi garin kowa. Mu da muka yi Islamiyya a gaban malamin da ya san ubanmu da kakanmu mun san abin da wannan ke nufi. An ware wa yara Musulmi ɗaki ɗaya suna salla, suka ce da azumi ana ajiye musu abincin sahur. Sai dai da muka ce a nuna mana ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, abin da muka gani bai fi a zuba a kwali biyu ba. Malamin ma bai ɓoye ba. Ya ce in ɗanka lissafin kasuwanci ko aikin gona ko darussan adabi zai yi, kawo shi. In likita kake so ya zama, nemi wani wuri.

Ta uku sabon gini ce ta jeka-ka-dawo, kyakkyawa ƙwarai, tebura sababbi. Yara suna zuwa da keke daga ƙauyuka. Malamai suka ce da damina aji yakan rage saboda aikin gona, haka ma ranar kasuwa, kuma kun san kasuwannin wannan yanki bayan kwana uku-uku suke ci. Ga ɗan ƙauyen, wannan makaranta rahama ce, don in babu ita da ba zai yi sakandare ba sam. Amma yaran da aka turo daga nesa ɗaki suke haya a cikin gari, su dafa wa kansu, ba babba a kansu. Mun ga 'yan mata 'yan shekara goma sha shida a irin wannan zama. Duk wanda zai ɗauko yaro daga Maamobi don ya raba shi da lungu, sannan ya ajiye shi a ɗakin haya a inda ba wanda ya san shi, to ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Sai fa in yaron a gidan maigidanka zai zauna, a ƙarƙashin idon matarsa.

To, wacce ta fi kyau? A ganinmu, ga mafi yawan yaranmu na zango, waɗanda suka fito daga ƙaramar sakandaren gwamnati da maki matsakaici, ta biyun ta fi. Mun san wasu ba za su ji daɗin wannan ba, domin ba ta da sunan da za a yi alfahari da shi a wurin biki. Ga dalilinmu.

Idan an kawo muku sa biyu masu ƙiba, ɗaya an saye shi da ƙibarsa wata uku da suka wuce, ɗaya kuwa an saye shi ƙashi da fata aka ɗaure a turke aka yi ta ba shi dusa da harawa har ya cika, wane mai kiwo za ku ba amanar naku ramammen? Haka makaranta take. Wadda kwamfuta ke tura mata yara masu jimilla 8 da 10, in sun ci jarrabawa ba abin mamaki ba ne, da ƙibarsu suka zo. Wadda ake tura mata masu 25 da 30 amma ta fitar da wasunsu har jami'a, ita ce ta yi aiki. Harafin A ko B ko C yana gaya maka yawan masu rububin makaranta, da gine-ginenta, da sunan da ta yi a baya. Ba ya gaya maka abin da za ta yi da naka yaron. Saboda haka tambaya biyu ce tare: da wane maki yara suke shiga, da wane sakamako suke fita.

Wajen sakamakon ma akwai wayo irin na kasuwa. Za a ce muku, bana ɗari bisa ɗari suka ci. Ku tambaya, ci na nawa? A jarrabawar WASSCE maki yana tafiya daga A1 har F9. D7 da E8 ana kiransu ci, amma jami'a ba ta karɓar su don digiri, sai daga C6 zuwa sama. Kuma ko yaro ya kwashe A1 a darussan zaɓinsa, in ya faɗi Turanci ko lissafin dole, ƙofa a rufe take. Don haka ku ce a nuna muku yara nawa suka zauna, nawa suka sami C6 zuwa sama a Turanci, nawa a lissafi, kuma na shekara uku a jere, ba na shekarar da aka yi sa'a ba. A 2025 a duk faɗin Gana waɗanda suka sami wannan matsayi a lissafi ba su kai rabi ba. In haka ƙasa gaba ɗaya take, to tambayar ko malamin lissafi a cikin makaranta yake kwana ba ƙaramar tambaya ba ce.

Kada kuma a ɗauka muna cewa tsofaffin makarantu suna ne kawai. A'a. Tsohuwar makaranta tana da ɗakin gwaje-gwaje, tana da tsofaffin ɗalibai da suka zama manya a Ankara, waɗanda in rufi ya yaye za su haɗa kuɗi a gyara. Yaron da ya fito da maki mai ƙarfi kuma yake son kimiyya, zalunci ne a kai shi inda babu kayan aiki don kawai hedimasta mutumin kirki ne. An ma ware kashi 30 cikin ɗari na guraben manyan makarantu don yaran da suka fito daga makarantun gwamnati, wanda yawancin yaran Nima da Maamobi suna ciki, amma iyaye da yawa ba su san da haka ba sai su ji tsoron rubuta babbar makaranta. Kuma mu masu wannan sana'a muna da buƙatar 'yan kimiyya fiye da kowa. Kowace tafiya muna wucewa ta Pong-Tamale inda kwalejin kiwon lafiyar dabbobi take, a Legon da Kumasi kuma ana karatun likitan dabbobi. Yaranmu nawa ne a ciki? Kullum muna tsaye a bakin iyaka muna jiran ɗan wani ya buga mana hatimi, muna gunaguni.

Sai maganar addini, wadda ita ce ta hana iyayenmu kai mu boko tun farko. Ba mu ga laifinsu ba, abin da suka gani a zamaninsu suka guda. An sami sauƙi tun 1987 da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi, makarantunmu suka haɗa Larabci da Turanci. Amma a sakandaren kwana maganar ba ta mutu ba. Kowa ya tuna ce-ce-ku-cen da aka yi a azumin 2021 kan hana wata ɗaliba Musulma azumi a Wesley Girls ta Cape Coast. Makarantun mishan da yawa suna da tarbiyya da karatu mai kyau, kuma a arewa an saba zama tare, gida ɗaya za ka sami Musulmi da Kirista. Duk da haka kowace makaranta da dokarta. Ku tambaya tun kafin a cika takarda: ina ake salla, ana barin zuwa Juma'a, yaya ake yi da azumi, yarinya za ta rufe kanta? Kada ku tambayi ofis kaɗai. Ku nemi yaro Musulmi ɗan aji uku ku ja shi gefe.

Haka ma abinci da ruwa, yaran za ku tambaya. A 2022 shugabannin makarantu a arewa da bakinsu suka fito suna kukan ƙarancin abinci, saboda haka kada wai don an ce kyauta ne a tura yaro ba gari ba shito ba sukari a akwati. Ku shiga ɗakin kwana ku ƙirga gadaje da tagogi, ku tuna zafin watan Maris da Afrilu a wannan yanki da yadda sanƙarau ke son cunkoso. Ku auna nisan wurin da asibitin War Memorial na Navrongo, da abin da za a ɗauki yaro a kai in ciwo ya tashi da tsakar dare. Masu duban makarantun ɓangaren Bawku kuwa, su sa maganar tsaro a gaba da komai, domin a watan Yulin 2025 har cikin makaranta aka bi ɗalibai aka kashe a Bawku da Nalerigu. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina.

Wani dattijo ya ce mana duk wannan wahala ta mece ce, tunda ƙarshenta yaron turke zai dawo. Mun girmama shi, amma sana'ar ba yadda ya san ta take ba. Kasuwar Jibo da muke cika motoci a da, tun 2022 hanyarta ta zama sai da rakiyar soja. Yau a rufe wannan iyaka, gobe a hana fitar da dabbobi daga waccan ƙasa, ga canjin sefa da sidi yana cinye riba kafin mota ta iso Ashaiman. Mai 'ya'ya takwas ba zai raba musu turke ɗaya ya ishe su ba. Wanda ma zai gaje mu, gara ya gaje mu yana iya karanta takardar kwastan da kansa.

Abin da muke roƙon ƙungiya ba kuɗi ba ne. A buɗe littafi ɗaya a ofis. Duk ɗan ƙungiya da ke da yaro a wata sakandare tsakanin Walewale da Paga ya zo a rubuta sunan makarantar, da abin da yaron ya faɗa kan malamai da ruwa da abinci da salla, da sakamakon da ya fito da shi in ya gama. A nemi masu gidanmu na Paga da Navrongo kowa ya ɗauki makaranta ɗaya ko biyu ya riƙa leƙawa, a ba hedimasta lambarsa a matsayin mai tsaya wa yaranmu. A kuma samo malami ɗaya cikin 'ya'yanmu ya zauna da iyaye, har da uwaye mata don su suka fi sanin halin yaran, kafin a cika takardar zaɓe, ba bayan kwamfuta ta gama rabo a fara yawon neman canji ba.

Ɗan'uwan da ya yi tambaya a wurin sadakar bakwai mun riga mun shirya da shi, tafiya mai zuwa in Allah ya kai mu tare za mu hau, ya zo da yaron da makinsa na gwaji. Akwai wurin mutum biyu a gaban mota. Mai so ya ba da sunansa wajen sakatare kafin Juma'a.